Husufin zobe da ɗaukar hoton mutane: suna, lissafi da kiyaye ido

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba wani aiki na masu ɗaukar hoto, wato ɗaukar mutum tare da rana a lokacin husufin da Faransanci ke kira « éclipse annulaire ». Abin da ya kawo mai nazarin harshe wannan fage shi ne matsalar suna. Hausa tana da husufi da kusufi, dukansu aro daga Larabci, tana kuma da zazzaɓin rana, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke rarrabe iri-irin abin. Wanda ya ga na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Nijar ya duhunta gari da hantsi, in ya ji an ce husufi, duhu zai tuna. Irin da muke magana a kai kuwa ba ya kawo duhu. Muna ba da shawarar a kira shi husufin zobe, a kira na 2006 cikakken husufi. Za mu nuna cewa dukan dabarun hoton daga wannan bambanci suka fito.

2. Yadda zoben yake samuwa

Rana ta fi wata faɗi sau 400, ta kuma fi shi nisa kamar sau 400, shi ya sa ido ke ganin su kusan daidai, kowane wajen rabin digiri. Sai dai nisan wata yana canzawa, daga kimanin kilomita 363.000 zuwa 405.000. In ya gitta gaban rana yana can nesa, ba ya isa ya rufe ta, sai gefenta ya saura kamar zobe. Zoben yakan daɗe ƴan mintoci, bai taɓa wuce minti 12 da rabi. Wannan ɗan gefen kuwa rana ce sosai: yana ƙona tantanin da ke bayan ƙwayar ido, wanda ba ya jin zafi, saboda haka mutum ba ya sanin ɓarnar sai bayan sa'o'i. A cikakken husufi akwai ɗan lokacin da ake cire gilashin kariya. A na zobe babu shi ko kaɗan.

3. Mutum cikin zobe

Misali sananne shi ne hoton da Ba'amurke Joshua Cripps ya ɗauka ranar 26 ga Disamba 2019 a hamadar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa: mutum da raƙumi bisa tudun rairayi, zobe ya kewaye su. Irin wannan hoto lissafi ne ke samar da shi, kuma lissafin yana da sassa uku.

a) Nisa. Abu yana yin daidai da faɗin rana in nisansa ya kai tsawonsa sau 108. Mutum mai mita 1,70 sai ya tsaya wajen mita 185 daga kamara kafin tsayinsa ya yi daidai da zoben. A mita 300 zai cika kusan kashi biyu cikin uku. Dogon gilashin kamara ba ya sake wannan, yana ƙara girman su biyun ne tare: mai milimita 500 yana ba da rana mai faɗin milimita 4,6 a kan fim na 24 x 36.

b) Tsayin rana. Dole mutumin ya kasance a kan layin da ya haɗa kamara da rana. In rana ta ɗaga digiri 5, mai nisan mita 300 yana bukatar tudu na mita 26. In ta ɗaga digiri 35, sai na mita 210. Ga dalilin da ya sa ake neman wuraren da zoben ke faɗowa da fitowar rana ko faɗuwarta.

c) Lokaci. Rana tana gusawa gwargwadon faɗinta cikin minti biyu. Mai hoto ne ke matsawa, mutumin yana tsaye, don haka ake auna wurin a gwada tun kwana ɗaya ko biyu kafin ranar.

Sai batun haske. Matatar da ake ɗaurawa a bakin gilashin kamara tana rage haske sau 100.000, komai sai ya zama baƙi in ban da zoben. Mutumin ba ya bayyana sai inda jikinsa ya yanke shi. In rana ta yi ƙasa, ƙura takan rage ƙarfinta, sararin sama ya yi ja, siffar mutum ta fito. Ko a nan ba a leƙa ƙaramar tagar kamara da ido, allonta ake kallo, wanda ake ɗauka kuma ya ba rana baya ko gefe.

4. Hanya ta biyu

Wanda ba shi da dogon gilashi yana iya juya wa rana baya ya ɗauki masu kallo. Kowace ƴar kafa tsakanin ganyen itace tana zana surar rana a ƙasa, saboda haka a lokacin husufin inuwar itacen takan cika da ƙananan zobba. Rariya ko malafa mai ƙofofi ma suna zuba su a kan riga ko bango. Ba a bukatar matata a nan. Abin kula kawai shi ne duk wanda ya ɗaga kai ya sa gilashi mai lambar ISO 12312-2. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido.

5. Kammalawa

Husufin zobe na 6 ga Fabrairu 2027, bisa lissafin masana taurari, yana ƙarewa ne da faɗuwar rana a gaɓar teku, daga Abijan da Akara zuwa Lome, Kwatano da Legas, inda Hausawa ke zaune da yawa a zanguna. Sharaɗin ƙasa-ƙasar rana ya cika ke nan. Sanarwar da aka yi da Hausa, in ta tsaya ga kalmar husufi kaɗai, za ta bar mai sauraro yana jiran duhun da ba zai zo ba, idonsa a sama. Muna roƙon abokan aiki da ƴan rediyo su gwada kalmar husufin zobe a wurin masu magana, su sanar da mu yadda aka karɓe ta.