Hawan jini da ciwon zuciya bayan ɗaukewar al'ada

A wurare irin su Dagumawa da ke ƙaramar hukumar Wudil a jihar Kano, idan mace ta doshi shekara hamsin ta fara kukan faɗuwar gaba, ko gumi cikin dare, ko yawan kasala, akan ce girma ne ya zo.

Sau da yawa hakan ne. Sai dai likitoci na cewa a daidai wannan lokaci ne ya kamata a fara sa ido kan lafiyar zuciyarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce galibin mata kan daina ganin al'ada ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. A lokacin ne sinadarin estirojin, wanda ke taimakawa wajen sa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yake raguwa ƙwarai a jiki. Daga nan jijiyoyin kan fara tauri, mugun kitsen da ke cikin jini ya ƙaru, teɓa ta taru, hawan jini kuma ya samu ƙofa.

Hukumar ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutane kimanin miliyan 18 a shekarar 2019, kuma su ne kan gaba wajen kisan mata a duniya.

Matsalar hawan jini ita ce ba ya sallama. Mace na iya shekaru da shi tana harkokinta, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Awo ne kawai ke nuna shi, kuma idan ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, to akwai buƙatar ganin likita. A shekarar 2020 aka ƙaddamar da wani shiri na kula da masu hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, don kada sai an je babban asibiti kafin a yi awo.

Tarihin haihuwa ma na da muhimmanci. Macen da ta taɓa fama da hawan jini ko jijjiga lokacin goyon ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon zuciya daga baya, ko da an yi shekara ashirin. Ya kamata ta shaida wa ma'aikacin lafiya, ko bai tambaya ba.

Sai batun tukunya. Ƙa'idar da hukumar ta bayar ita ce kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Amma a miya ɗaya akan haɗa gishiri da dunƙule, sannan ga yaji a gefe. Kanwa ma, wadda ake sa wa wake da miyar kuɓewa, cike take da sinadarin sodiyam ɗin da ke tayar da jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nazari kan alaƙar kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego, ko da yake binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna lamarin ya wuce kanwa kaɗai.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, shekarun ɗaukewar al'ada su ne shekarun da uwa ke miƙa daka da surfe ga surukai da jikoki. Hutun ya dace da ita, amma jiki na buƙatar motsi na aƙalla minti 150 a mako, ko da tafiya ce da ɗan sauri.

Maganin mayar da estirojin kuwa, wani babban bincike da aka dakatar a Amurka a shekarar 2002 ya nuna bai kamata a sha shi don rigakafin ciwon zuciya ba. Likita kan bayar da shi ne don rage tsananin zafin jiki.

Bugun zuciya a wurin mata ba lallai ya zo da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Yakan zo da sarƙewar numfashi, ko tashin zuciya, ko ciwon baya da muƙamuƙi, har a ɗauka olsa ce. Wadda ta ji haka farat ɗaya, a garzaya da ita Babban Asibitin Wudil, inda za a iya tura ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano idan abin ya yi tsanani.