Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Iyayen Yara Masu Galahanga

A garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, kamar Farin Dutse, akan sami yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai buɗe baki ba. A kira sunansa ba ya waiwaye, ba ya haɗa ido da mutane, kullum sai ya ware kansa yana maimaita abu guda. Nan da nan sai a ce iska ce, ko sammu. Uwa ta sayar da akuyarta ta kai wa boka, in ta gaji kuma ta ɓoye ɗanta a ɗaka don gudun gori.

To, jama'a, wannan lalura ita ce galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya bayyana ta a 1943 bayan ya duba yara 11. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta daga wani, ba kuwa laifin uwa ba ne.

Turawa ma da fari uwa suka ɗora wa laifi, wai ba ta nuna wa ɗanta ƙauna. Iyaye da kansu suka kawar da wannan zance. A 1962 waɗansu iyaye a London suka haɗa kai suka kafa ƙungiya, cikinsu har da likita Lorna Wing, wadda 'yarta ke da lalurar. A 1965 suka buɗe wa 'ya'yansu makaranta. A shekarar nan kuma Bernard Rimland, shi ma uban irin wannan yaro, ya tara iyaye a Amurka. A nan Nijeriya wata uwa, Dotun Akande, ta buɗe irin wannan makaranta a Ikko a 2006.

Lalle abin da ya sa suka ci nasara ba kuɗi ba ne, zama tare ne. Uwar da ta gano yadda ake koya wa ɗanta cin abinci da kansa, ko yadda ake lallashinsa in hayaniyar kasuwa ta firgita shi, ita ce malamar 'yar'uwarta. Wadda ta daɗe tana kuka ita kaɗai kuwa, in ta ga mai irin damuwarta, sai zuciyarta ta yi sanyi.

Matanmu sun saba da adashi, sun saba da haɗuwa wajen suna da biki. Uwa biyar ma sun isa su soma. Su riƙa zama a gidan ɗayarsu, su haɗa kuɗin mota su kai yara babban asibitin tarayya na Birnin Kudu a duba su. Mazaje su sa hannu, dagatai da limamai su hana gori. Dokar ƙasa da aka sa wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa masu lalura bambanci. Allah shi ba iyayen nan haƙuri da lada, amin.