Dusar Ƙanƙara ko Hazon Hunturu: Wanne Ya Fi Koyar da Mai Zane?

Wani ƙanena a Mahuta ya samu ɗan akwatin fentin ruwa, ya duƙufa koyo ta bidiyon YouTube. Ba abin da ke ɗaukar hankalinsa kamar daren biranen Turai da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, titi fari fat, fitilu na zuba haske a kai. Na ce masa ga daren hunturu a ƙofar gida, me ya kai shi can? Ya ce a can ake koyon hannu. Na daɗe ina juya maganar.

Yana da hujja. Mai fentin ruwa ba ya shafa fari, takardar ce farinsa. Duk inda yake son dusa, sai ya kewaye wurin ya bar shi, ko ya goga kyandir don fenti ya ƙi kamawa. Yakan fara da kala mai haske ya gangaro zuwa mai duhu, domin in duhu ya hau, da wuya a dawo da farin. Ya yayyafa gishiri a kan shuɗin sama tun da danshi, gishirin ya tsotse fentin, ya bar ɗigo-ɗigo kamar dusa na sauka. Wannan horo ne na haƙuri da lissafi, kuma ban raina shi ba.

Sai dai ƙanena bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Inuwarta shuɗiya ce saboda mai bidiyo ya ce haka, ba don idonsa ya shaida ba.

Hazo kuwa ya san shi tun yana goye. Dusa mayar da haske take yi, ta fito da gefen kowane gini sarai. Hazo haɗiye shi yake yi. Tsaya bakin titin Funtuwa zuwa Malumfashi a daren Janairu ka gani: fitilar mai shayi ta yi rawani ja-ja, hayaƙin mai tsire ya gauraye da ƙura, motar da ta ɗauko masara ba ka ganin komai nata sai idanu biyu. Irin wannan ai don shi aka yi fentin ruwa. Ka jiƙa takarda, ka ɗiga ruwan ƙasa da ɗan shuɗi, su narke cikin juna da kansu. Wahalarsa ɗaya: iskar hunturu na busar da takarda kafin ka kammala, dole hannu ya yi sauri. Mai bidiyo ba zai faɗa maka wannan ba, don ba a cikin iskarmu yake zane ba.

In kuma farin ne ya ja shi, muna da namu. Tulin auduga a ƙarƙashin fitila, lokacin da ake kai ta Funtuwa, yana buƙatar dabarar barin takarda ɗin nan tsaf. (Takardar fentin ruwa mafi inganci ma da auduga ake yin ta.)

A 1958 ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan wannan batu: a karɓi dabarar Bature, a zana abin gida da ita.

Ni dai hazo na zaɓa. Ƙanena, yi dusarka sau biyu ko uku hannu ya faɗa, sannan ka ɗauki takarda ka fito bakin titi kafin hunturun bana ya wuce.