Wayarka lafiya ƙalau, amma kamfanin da ya yi ta ya manta da ita?

Idan ka leƙa kasuwar kifi ta Haɗejiya, ko ka zauna da manoman shinkafa a fadamun Auyo da Kirikasamma, za ka ga yadda waya ta zama jakar kuɗi. Tun ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ciniki da yawa ya koma tiransifa. To amma wayar da ke riƙe da kuɗin naka, yaushe rabon kamfaninta ya waiwaye ta?

Waya tana da rai biyu. Akwai na gangar jiki, wato batir da gilashi da wurin caji, wanda mai gyara zai iya tsawaita maka. Akwai kuma na manhajar da ke tafiyar da ita, wanda kamfani kaɗai ke iya ciyarwa ta hanyar turo sabuntawa. Ka ɗauke ta kamar jingar da ake yi a bakin kogi: kowace damina ruwa na neman ɓaraka, in ba a toshe ba, wata rana zai ɓalle. Haka masu kutse ke neman ɓaraka a manhaja. A 2015 an gano wata mai suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyin Android kusan miliyan 950, ana iya shiga waya ta saƙon bidiyo kawai. Daga nan ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata.

Sai dai gyaran ba kai tsaye yake zuwa hannunka ba. Sai kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek ko Qualcomm, ya daidaita shi, sannan mai wayar ya gwada shi a kan kowane samfuri. Duk wannan aiki kuɗi ne, kuma an riga an karɓi kuɗinka tun ranar da ka saya. Shi ya sa waya mai araha ake saurin yaye ta.

Kamfanonin ba ɗaya suke ba. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irin sa ga Galaxy S24 a 2024. iPhone 6s ta 2015 ta ci gaba da samun sabuwar manhaja har 2021. Amma wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion na China ne, ƙananan samfuransu ba sa samun tsawon lokaci irin wannan. A Tarayyar Turai doka ce ta shiga tsakani: daga Yunin 2025, dole a ci gaba da sabunta waya aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurinta.

Me zai faru in an yaye wayarka? Ba za ta mutu ba, kira da saƙo na nan. Amma sannu a hankali manhajoji za su fara guje mata. A Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android 5 ba. Manhajojin banki ma kan yi haka.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: lissafin shekarun yana farawa ne daga fitowar samfurin, ba daga ranar da ka saya ba. Tsohuwar iPhone da aka kawo maka daga Farm Centre a Kano tana iya sheƙi kamar sabuwa, alhali kwananta ya kusa ƙarewa.

Don haka kafin ka biya, tambayi shekarar da samfurin ya fito. Shiga saitin wayar, wajen bayaninta, ka duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. In ta haura shekara ɗaya kuma ba wata sabuwa da ke jiran saukewa, da alama an yaye ta. In ba halin canzawa, kada ka saka manhajar da aka turo maka ta Xender, ka tsaya ga Play Store, kuma ka guji taɓa adireshin intanet ɗin da ba ka san wanda ya turo ba. In da hali, ka bar tsohuwar don kira da jin rediyo, harkar banki kuma ka mayar kan wadda har yanzu ake kula da ita.