Gargaɗi ga Masu Sayen Lemon Kwali da Abincin Gwangwani

Jama'a, a yi hattara, musamman masu ciwon sukari, da iyaye mata, da masu zuwa dubiya asibiti da leda cike da lemo. Rubutun da ke gaban kwali na jan mai saye ne. Lissafin gaskiya yana baya, da ƙananan haruffan da sai an ƙura ido.

Kalmar da ta fi yaudarar mutane ita ce "No added sugar". Ma'anarta kawai ba a zuba sukarin buhu a ciki ba. Amma ruwan lemu ko na tuffa da aka matse yana ɗauke da nasa, wajen giram 10 a kowane mililita 100, kusan daidai da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta saka ruwan 'ya'yan itace da zuma a sahu ɗaya da sukarin shayi. Ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Don haka mai ciwon sukarin da ya shanye kwalin "100% juice" da buɗa baki yana ganin magani ya sha, kansa ya cuta.

Ga yadda ake kama kamfanonin lemon. A juya kwalin, a nemi layin "sugars", a raba adadin giram ɗin gida huɗu, abin da ya fito shi ne yawan cokula. Sai kuma a duba ko lissafin na mililita 100 ne ko na duk robar, domin nan dabarar take. Robar da aka rubuta mata giram 10 a mililita 100, in rabin lita ce, giram 50 ke nan: kason yini guda ya tafi a zama ɗaya. Wa ya taɓa buɗe lemo ya sha kashi ɗaya cikin biyar ya ajiye?

Jerin kayan haɗi ma yana tona asiri, saboda abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Sukari kuwa yana da sunaye kamar ɗan damfara. Kalmomin da suka ƙare da haruffan "ose", da duk abin da aka kira "syrup" ko "concentrate", a ɗauke su a matsayin zaƙi. Wasu kamfanoni sukan rarraba shi gida uku da suna uku don kada ya hau kan layi.

Malti da ake cewa yana ƙara jini, da yogot mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, duk a bi su da wannan awo. Lambar NAFDAC shaida ce ta rajista, ba ta ce kayan ya dace da mai ciwon sukari ba. Harajin naira 10 kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon zaƙi ma bai cire ko cokali ɗaya daga kwalba ba.

Iyaye mata, batun jarirai ya fi tayar da hankali. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana da ƙarin sukari, kusan giram 4 a kowane damu ɗaya, alhali irinsa a Jamus da Ingila babu. A duba gwangwani kafin a dama wa yaro.

Wanda ba ya karanta Turanci ya miƙa kwalin ga ɗansa ɗan makaranta ko mai kemis kafin ya biya kuɗi. Wanda kuma yake fama da yawan ƙishi, da yawan fitsari cikin dare, da rama ba dalili, ya je asibiti a gwada masa jini cikin makon nan.