SIM, CAN Da NBC: Haruffa Ɗaya, Gida Daban-Daban

Idan aka tambayi matashi yau a ƙofar majami'a mene ne SIM, zai zaro wayarsa ya nuna ɗan katin da ke ciki. Bai kuwa yi ƙarya ba. Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, haruffan nan uku suka zama sunan katin da ke riƙe da lambar mai waya.

Amma a wurin kakanninsa, SIM mishan ce, wato Sudan Interior Mission. A 1893 ne samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan. A lokacin, Sudan na nufin ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham kaɗai ya tsira. Daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, haka kuma asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950.

Ita kanta ECWA ta taɓa yin takwara. A 1973 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa hukumar tattalin arzikin yammacin Asiya, wadda haruffanta su ma ECWA ne, sai a 1985 aka sauya mata suna. Saboda haka wanda ya ga ECWA a tsohuwar takardar tattalin arziki, kada ya ɗauka maganar hedkwatarmu ta Jos ake yi.

Ga kuma CAN. A Nijeriya ita ce Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wadda aka kafa a 1976. Amma da zarar an tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Yamai, inda ake aiki da Faransanci, CAN gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasashen Afirka ce, wadda 'yan wasan Mena na Nijar suka fara halarta a 2012.

NBC kuwa a gida ma ta isa ta rikita mutum. Ita ce Tarayyar Baptis ta Nijeriya, ita ce hukumar da ke sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, ita ce kuma kamfanin da ke zuba Coca-Cola a kwalba. Haka CBN: Babban Bankin Nijeriya ne, kuma tashar Kirista ce da Pat Robertson ya kafa a Amurka a 1960.

Dalilin wannan cin karo ba boyayye ba ne. Haruffan Turanci 26 ne kacal, ƙungiyoyin duniya kuwa ba su ƙirguwa, kuma kowane fanni yana raɗa sunansa ba tare da ya tuntuɓi wani ba.

'Yan'uwa, abin da ya shafe mu iri biyu ne. Na farko, kuɗi da wasiƙu. Takardar da ta zo da haruffa uku kawai a kanta ba ta gaya mana wanda ya aiko ta ba, kuma mazambata sun san haka. Ya kamata sakatare da ma'aji su nemi cikakken suna da adireshi kafin su fitar da ko kwabo daga baikon jama'a, su ma kuma su riƙa rubuta sunan ikilisiya cikakke a kan kowace takarda.

Na biyu, tarihinmu. Yara nawa ne za su iya faɗin cewa EYN ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, ko TEKAN Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya? Sunayen nan da Hausa aka raɗa su, kuma kowace kalma a ciki shaida ce. A 1 Korintiyawa sura 14, Manzo Bulus ya gargaɗi masu bi su yi maganar da mai ji zai fahimta, domin ikilisiya ta ginu. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata da na matasa su ɗauki minti biyar su warware wa yara haruffan da ke kan allon majami'arsu, su kuma ba su labarin waɗanda suka ba da ransu kafin a kafa allon.

Ubangiji ya ba mu fahimi. Amin.