Daga Layin Dogon Ƙaura Zuwa Durowar Amarya

A garuruwanmu na Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, iyaye kan shafe shekaru suna tara kuɗin kayan ɗakin 'yarsu. Gado da kabad da madubi su iso suna sheƙi, amma kafin damina ta fita sai ka ji amarya na kokawa da durowa: a ja ta ƙi fitowa, a tura ta ƙi komawa. Wasu su ce katakon ne ba shi da kyau. Sau da yawa kuwa matsalar awo ce, kuma awon nan ɗalibin sakandare zai iya gane shi tsaf.

Mu fara da abin da ke ƙofar gidanmu. A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda, kuma a nan ya tsaya. Tsakanin ƙarafansa biyu akwai tazarar milimita 1,067. Dole tazarar nan ta kasance ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Idan ta matse, ƙafar jirgi ta cije. Idan ta buɗe, jirgi ya sauka daga layi.

To, durowa ma ƙaramin jirgi ce. Ku zaro ta ku leƙa, za ku ga layi biyu, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A tsofaffin tebura layin na katako ne, katako na gogar katako. A na zamani kuwa ƙarfe ne mai hawa biyu ko uku, ɗaya na shigewa cikin ɗaya, da ƙananan ƙwallayen boris a tsakani. Amfanin boris shi ne rage gogayya, domin mirgina ta fi ja sauƙi. Ku gwada a aji: ku tura littafi a kan benci, sannan ku jera fensira uku a ƙarƙashinsa ku sake turawa. Bambancin da hannunku ya ji shi ne darasin.

Galibin irin wannan layi na gefe yana bukatar sararin rabin inci, wato milimita 12.7, a kowane ɓangare. Ke nan idan faɗin ramin kabad milimita 500 ne, sai akwatin durowa ya zama kusan 474. Kafinta ya ƙara milimita uku, durowa ta cije. Ya rage da yawa, ta riƙa rawa har boris ɗin ya zube. Shi ya sa gwani ba ya dogara da ido. Yakan auna akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa, a gicciye, sau biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, akwatin ya karkace.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Katako yana shan danshin iska, yana kuma fitar da shi. Lokacin hunturu sai ya bushe ya tsuke, a watan Agusta ya kumbura, kuma ta faɗinsa yake yin haka, tsawonsa kusan bai canzawa. Durowar da aka yi ta cif-cif a Janairu za ta iya ƙin buɗuwa a tsakiyar marka. Ga ƙurar hunturu da ke shiga layi ta zauna. Ga girgizar mota idan an ɗauko kaya daga Ƙaura zuwa Zurmi, ko daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis zuwa ƙauye. Ga daɓen ɗakin da bai miƙe ba, wanda ke murɗe kabad baki ɗayansa.

Injiniyoyi sun san ba za su hana waɗannan abubuwa ba, sai suka bar ƙofar gyara. Ku duba ramukan sukuru a jikin layin durowa: wasu zagayayyu ne, wasu dogaye. Dogayen ake fara ɗaurewa, a matsa layin sama ko ƙasa har ya zauna daidai, sannan a kulle shi da zagayayyun. Hinjin ƙofar kabad na zamani, mai shiga rami mai faɗin milimita 35, yana da sukurori da ke matsar da ƙofa gefe ko ciki ba tare da an cire ta ba. Jerin ramukan nan kuma da kuke gani cikin kabad, masu faɗin milimita 5 da tazarar milimita 32, tsari ne da masana'antun Turai suka ɓullo da shi domin a ɗaga kanta ko a sauke ta gwargwadon tsayin kwanuka ko littattafai.

Idan durowar gidanku ta fara gardama, kada a yi mata ƙarfi. A zaro ta, a share ƙura, a ɗaure sukurun da ya kwance, a duba ko kabad ɗin ya zauna daidai a ƙasa. Layin katako a goga masa kyandir. Na ƙarfe kuwa kada a malala masa mai, don mai da ƙura in sun haɗu sai su zama taɓo.

Wannan duk lissafi ne da fizis da zanen fasaha, darussan da wasunmu ke gudu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana koyar da fannonin injiniya, ga kuma rumfunan kafintoci a kowane gari. Ɗalibin da ya haɗa ilimin aji da aikin hannu ba zai rasa abin yi ba, domin aure ba ya ƙarewa, kayan ɗaki ma haka. A wannan makon ku ɗauki rula, ku auna durowa ɗaya da raminta, ku cire wannan daga wancan, ku raba biyu. Ku gani ko kafintanku ya ci jarrabawa.